Karatun Kwamfuta na Shekara Biyu a Yamai: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Da zarar sakamakon BAC ya fito, Yamai takan cika da talla. Alluna a bakin titi, takardu da ake miƙa wa masu wucewa a mararraba, sanarwa a rediyo da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, kowace makaranta tana cewa ita ce za ta mai da yaro gwanin kwamfuta cikin shekara biyu. Uba ya ji ana cewa aikin zamani duk ya koma kan na'ura, yaro kuma ya tsorata da labarin cunkoson jami'a da shekarar karatu mai jan ƙafa, sai a yi gaggawar biyan kuɗin rajista a makarantar da ta fi kusa da gida, ko wadda tallarta ta fi daɗin ji. Shawarar yau domin waɗannan ɗalibai ce da iyayensu.

Ina goyon bayan gajeren karatun nan, kuma ba na ɓoyewa. Ga yaron da gidansu ba zai iya ɗaukar nauyin shekara biyar ba, ga yarinyar da ke son ta riƙe sana'a a hannu tun da wuri, ga ma'aikacin da ke neman ƙarin ilimi da yamma bayan an tashi daga aiki, hanya ce mai kyau. Sai dai kyanta ya rataya a kan abu biyu: takardar da za a ba ka ta zama wadda hukuma ta sani, hannunka kuma ya iya aikin da takardar ta ce ka iya. Wanda ya rasa na farko, ko takardunsa ba za a karɓa ba. Wanda ya rasa na biyu za a karɓe shi, a gwada shi mako guda, a sallame shi.

Irin wannan karatu ba mu kaɗai ke da shi ba. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji na gari-gari da ke ba da difloma ta shekara biyu da kuɗi mai sauƙi, wanda ya gama ya kama aiki ko ya wuce jami'a ya ƙarasa. A Najeriya ana kiranta ND, ana yinta a makarantun fasaha irin su Kano State Polytechnic ko Hassan Usman Katsina Polytechnic, ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna. Bayan shekara biyu ɗalibi ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya koma ya yi HND. Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, shi ya sa sunayen da za ka riƙa ji su ne BTS da DUT. Ita DUT ta cibiyoyin fasaha ce na jami'a da ake kira IUT, waɗanda aka fara buɗewa a Maraɗi da Tawa da Damagaram, daga baya suka zama tushen Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da Jami'ar Djibo Hamani da Jami'ar André Salifou. A 2014 aka ƙara jami'o'i huɗu a Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Kowace cibiya da fannonin da ta fi ƙarfi a kai, saboda haka wanda bai ƙi barin Yamai ba ya bincika can ma, musamman Dosso da ba ta da nisa.

A cikin Yamai kanta, kafin ka leƙa makarantu masu zaman kansu, fara da na hukuma da na haɗin gwiwar ƙasashe. A Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, akwai Jami'ar Abdou Moumouni da aka kafa a 1971, mai sashen lissafi da kwamfuta a tsangayar kimiyya. Can karatun lisans ne na shekara uku, kuma lissafinsa da nauyi. A wannan ɓangaren kogin dai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, mai horar da ƙwararrun ma'aikata da injiniyoyi. Akwai makarantar sadarwa da aka daɗe ana sani da EST, wadda yanzu ake kira ESCEP. Akwai kuma reshen IAI, cibiyar koyar da kwamfuta ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Libreville ta Gabon. Galibin waɗannan da jarrabawar gasa ko tantance takardu ake shiga, kuma lokacin ajiye takardu gajere ne. Yara da yawa suna rasa damar ne kawai don sun tsaya murnar cin BAC har aka rufe karɓa. Ka tanadi takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, sakamakon BAC da hotuna tun kafin sanarwa ta fito, ka kuma sa ido a kan sanarwar ANAB, hukumar ba da tallafin karatu.

Mafi yawan ɗalibai dai makarantu masu zaman kansu suke ƙarewa, kuma a nan ne ake buƙatar buɗe ido sosai. A cikinsu akwai nagari ƙwarai, masu malamai da suka san aiki da kayan koyarwa da suka fi na wasu makarantun gwamnati. Akwai kuma waɗanda gidan haya ne kawai da allo da kujeru. Daga waje ba ka iya bambancewa, don fenti iri ɗaya ne.

Tambayarka ta farko ga mai karɓar baƙi ita ce: wace takarda zan fita da ita? Akwai difloma da makaranta ke bugawa da kanta, da tambarinta da sa hannun daraktanta. Akwai kuma BTS ta ƙasa, wadda ake samu bayan an zauna jarrabawa guda tare da ɗaliban sauran makarantu, ƙarƙashin hukumar OBEECS, wadda ita ce kuma ke shirya jarrabawar BAC. Tazarar da ke tsakanin biyun nan babba ce. Takardar makaranta darajarta daidai take da sunan makarantar; in makarantar ta rufe bayan shekara biyar, ba ka da inda za ka kai mai shakka ya tabbatar. Ta ƙasa kuwa tana nan a rajistar hukuma, ita ake nema a gasar shiga aikin gwamnati, ita ce kuma jami'a za ta fi saurin amincewa da ita in ka so ci gaba. Makarantar da ta ce maka takardarta ta isa, ba sai ka wahalar da kanka da jarrabawar ƙasa ba, ka yi mata godiya ka fita.

Tambaya ta biyu ita ce takardar izini. Makarantar gaba da sakandare mai zaman kanta sai da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi take aiki, izinin kafawa daban, izinin buɗewa daban. Ka nemi a nuna maka, ka karanta lambar takardar da ranar da aka sa hannu, ka kuma duba ko fannin da kake so yana cikin waɗanda aka amince mata ta koyar. Wannan gaɓar ce ake yawan tsallakewa: makaranta ta samu izini a kan lissafin kuɗi da sakatariya, da ta ga kasuwar kwamfuta ta buɗe sai ta ƙara aji ba tare da komawa ma'aikata ba. Ba rashin kunya ba ne uba ya ce a nuna masa. Makarantar kirki ma a bango take liƙa takardar. In zuciya ba ta kwanta ba, ma'aikatar tana nan cikin gari, a je a tambaya. Kuɗin taksi ɗaya ne.

Za ka ga wasu sun rubuta CAMES da manyan baƙaƙe a allonsu. CAMES majalisa ce ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da ke kula da ingancin ilimi mai zurfi. A nan Yamai shugabanni suka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Amincewarta na da amfani ga mai niyyar ci gaba da karatu ko neman aiki a Dakar, Abijan ko Lome. Abin lura shi ne difloma-difloma take amincewa da su, ba makaranta dungurungum ba. Makaranta na iya samun amincewa a kan diflomar banki, ta kwamfuta kuwa ba a taɓa gabatar da ita ba. Ka tambayi sunan diflomar da aka amince da ita.

Bayan takardu, sai gani da ido, don gani ya kori ji. Kada ka je ranar hutu ko lokacin da aka share wuri don baƙi. Je da hantsi ranar karatu, ka ce a kai ka ɗakin kwamfuta. Kada ka ƙirga na'urorin da ke kan tebur, ƙirga waɗanda suka kunnu, ka raba da yawan ɗaliban aji. In mutum huɗu ne a kan na'ura ɗaya, ɗaya ne ke koyo, uku kallo suke yi. In fannin haɗa rezo kake so, ka ce a nuna maka wayoyi da na'urorin rarraba sadarwa da ɗalibai ke kwancewa suna ɗaurawa da hannunsu. Koyon kwamfuta a allo kamar koyon ɗinki ne ba a taɓa hawa keke ba. Sannan ka tambayi abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke. Duk ɗan Yamai ya tuna yadda aka sha duhu bayan Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo kaso mafi yawa na wutarmu, kuma ko a shekarar lafiya watannin Afrilu da Mayu ba su da tabbas. Makarantar da ba ta da injin wuta ko farantan hasken rana, darasin aikin hannu zai riƙa komawa labari da baki.

Ka kuma nemi lissafi guda uku na bara: nawa suka shiga shekarar farko, nawa aka gabatar a jarrabawar ƙasa, nawa suka ci. Talla takan ambaci na ƙarshen kawai. Makarantar da ta ɗauki ɗari, ta gabatar da ashirin, goma sha takwas suka ci, za ta yi shelar gagarumar nasara, amma ina sauran tamanin? Amsar gaskiya ba a ofis take ba. Fita waje wurin mai shayi ko mai sayar da soyayyen abu a ƙofar makaranta, ka samu ƴan shekara ta biyu ka tambaye su ko malamai na zuwa. Yawancin malaman makarantun nan ma'aikatan banki ne ko na kamfanin sadarwa da ke zuwa koyarwa da sa'a. Wannan alheri ne, don sun san abin da ake yi a wurin aiki yau, amma sai in suna halarta.

Game da kuɗi, shawarata ga iyaye ita ce a yi lissafin shekara biyun gaba ɗaya kafin a biya kason farko. Kuɗin makaranta ɓangare ne kawai. Akwai rajista kowace shekara, kuɗin jarrabawar ƙasa, kuɗin buga rahoton ƙarshen karatu da na ranar kare shi, kuɗin taksi ko faba-faba ko man babur ga mai tasowa daga Talladje ko Koira Tegui kullum, kuɗin intanet a talho, da ita kanta kwamfutar. Abin da ya fi ciwo shi ne yaron da ya kai tsakiyar shekara ta biyu aka kore shi daga aji saboda bashi. Kuɗin baya ya tafi, takarda babu. In ƙarfin gida bai kai ba, gara makaranta mai arha da ke da izini, ko a jinkirta shekara guda a tara. Duk abin da aka biya a karɓi rasiɗi mai tambari a adana.

Sai zaɓen fanni. Sunaye suna da yawa, amma in aka tace su kusan huɗu ne. Akwai kwamfuta ta gudanar da harkoki, inda ake koyon tsara rumbun bayanai da rubuta manhajar da ke riƙe lissafin kaya, albashi, rajistar ɗalibai ko ta marasa lafiya, haɗe da ɗan ilimin lissafin kuɗi. Akwai rezo da sadarwa: ja waya, haɗa ofisoshi, kula da uwar garke da tsaronta. Akwai gyara da kula da na'urori. Akwai kuma rubuta manhaja zalla, ta intanet da ta talho. Matasa sun fi ɗokin na ƙarshen, don shi ake yayatawa. Ni kuwa na farkon na fi ba mai shakka shawara. Dubi inda aikin yake a ƙasar nan. Bankuna irin su SONIBANK da BIA da BAGRI, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana masu rassa har ƙananan garuruwa, kamfanonin sadarwa huɗu, wato Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, hukumar kwastan mai aiki da manhajar SYDONIA, ma'aikatar lafiya mai tattara alƙaluma da DHIS2, ƙungiyoyin agaji masu cike tambayoyi a ƙauyuka da KoboToolbox, duk bayanai suke shigarwa, su adana, su fitar. Ga ƴan kasuwa da hukumar haraji ta wajabta wa ba da rasiɗi ta na'ura, waɗanda ke neman mai saita musu da gyarawa. Wanda ya iya rumbun bayanai da gaske ba zai rasa mai nemansa ba. Rezo ma na da kasuwa, ga wayar fiba da ake shimfiɗawa, ga Starlink da ya shigo ƙasar a hukumance, sai dai aiki ne mai hawa tsani da shan rana, a san da haka.

In ka ga makaranta na tallar diflomar shekara biyu a kan ƙirƙirarriyar basira ko tsaron intanet, ka tambayi abin da ke cikin manhajar karatun wata-wata. Fannonin gaskiya ne, amma a kan tushe ake gina su, tushen kuma shi ne dai lissafi, rezo, rumbun bayanai da rubuta manhaja. Ga wanda ya fito da BAC A yana tsoron lissafi: ƙofa ba a rufe take ba a makarantu da yawa, amma kada ka ruɗi kanka. Watanni ukun farko na koyon tsara matakan warware matsala za su yi maka tsauri fiye da mai BAC C ko D. Ka fara tun lokacin hutu, ka nemi wanda ya riga ka ya zauna da kai.

Kwamfutar kanka wajibi ce. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai ƙarfi ta fi sabuwa mai rauni. Ka nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 zuwa sama, mai ma'ajiya irin ta SSD. Kada ka saya a tsaye. Ka tafi da wanda ya sani, a kunna ta, a cire caja a ga minti nawa batir zai riƙe, a gwada kowane maɓalli da kowace kafa. Ka lura da jerin baƙaƙen: waɗanda ke shigowa ta Najeriya ko Dubai galibi QWERTY ne, na makarantunmu kuwa AZERTY, kuma rahotonka da Faransanci za ka rubuta shi da duk alamominsa. Kowanne ka samu za ka saba, amma ka san abin da ka saya. Zafin da ke wuce digiri 40 da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gabar na'ura a garin nan: kada a ɗora ta a kan katifa, a riƙa share mashigar iskarta, a cire ta daga bango in wuta na rawa. Aikinka kuma ka ajiye shi wuri biyu ko uku. Kowace shekara sai an samu ɗalibin da kwamfutarsa ta mutu ko aka sace ta ana saura mako guda ya kare rahoto.

Yanzu ga abin da makaranta ba za ta yi maka ba, ko da ita ce ta fi kowace kyau. Shekara biyu, in aka cire hutu da jarrabawa da ranakun da malami bai zo ba, ba ta da yawa. Abin da ke raba ɗalibai biyu masu takarda iri ɗaya shi ne sa'o'in da ɗaya ya yi shi kaɗai gaban na'ura. Za a koya maka Merise da UML, hanyoyin zana tsarin bayanai a takarda, kuma suna da amfani. Amma duk zanen da ka yi a aji, ka koma gida ka gina shi da MySQL ko PostgreSQL, ka zuba masa bayanai, ka yi masa tambayoyi da SQL har hannunka ya saba. Ka riƙe harshen rubuta manhaja guda, Python ko Java ko PHP, ka nutsa a cikinsa, maimakon ka ɗanɗana biyar. Ka sa Linux a kwamfutarka, ka lalata, ka sake sawa. Kada ka raina Excel. Ofisoshi da yawa a Yamai da shi suke rayuwa, kuma sabon ma'aikaci da shi ake fara gwada shi. Mai son rezo ya sauke Packet Tracer na Cisco, kyauta ne ga wanda ya yi rajista a shafin koyarwarsu, ya riƙa haɗa rezo na gwaji, da niyyar wata rana ya zauna jarrabawar CCNA. Manhajojin nan masu amsa tambaya su rubuta maka aiki cikin daƙiƙa, ka yi amfani da su wajen neman bayani, amma duk layin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba kada ka miƙa shi da sunanka. Ranar gwajin ɗaukar aiki kai kaɗai za ka zauna.

Zaman fada da shayi ba laifi ba ne, kowa ya san matsayinsa a rayuwar samarin Yamai. Ku mutum uku ko huɗu ƴan aji ɗaya ku mai da dare biyu a mako na aiki: ku haɗa kuɗin intanet, wanda ya gane ya koya wa saura. Ƴan mata su ma su yi nasu rukunin a gidan ɗaya daga cikinsu. Ina roƙon iyaye a nan: in an saya wa ɗa namiji kwamfuta, a saya wa ɗiya mace. Sau da yawa ita ce ke kan gaba a aji, amma sai ta jira wanta ya gama kallon ƙwallo kafin ta taɓa na'ura, ga aikin gida na jiranta. A rage mata hidima a watannin jarrabawa, a kuma tsara mata abin hawa in darasin na yamma ne.

Turancin Ingilishi ma dole ne. Karatu da Faransanci ake yi, amma saƙon kuskuren da na'ura za ta nuna maka da Ingilishi yake, haka mafi yawan littattafan bayani da amsoshin da ke intanet. Ba sai ka iya zance ba tukuna, iya karantawa ya wadatar a farko. Hausarka da Zabarmancinka kuwa jari ne. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mafi yawan masu riƙe da talho a Nijar ba su karanta Faransanci, da saƙon murya suke harkokinsu. Wanda zai tsara manhajar da ɗan kasuwar Katako ko mai sayar da hatsi a Wadata zai iya amfani da ita ba tare da ya kira ɗansa ya karanta masa ba, ya samu abin da kamfanin waje ba zai yi saurin kawowa ba. Ko ƙaramin abu irin tabbatar da cewa rumbun bayananka na karɓar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da ya mai da su alamar tambaya ba, gwaninta ce da ake koya da gwaji.

Istaj, wato zaman koyon aiki a wata ma'aikata, shi ne rabin diflomar, kuma shi ne abin da ɗalibai ke bari sai ƙurarren lokaci. Ka fara nema tun hutun shekarar farko, ko da makaranta ba ta tilasta ba. Kowa na rububin manyan kamfanoni, inda sau da yawa za a ba ka kujera a lungu ka wuni kana kallo, don ba mai yarda baƙo ya taɓa uwar garken banki. Ƙaramin wuri ya fi koyarwa: kantin magani, makarantar sakandare mai zaman kanta, ƙaramin asibiti, shagon gyara, kamfanin matasa irin waɗanda cibiyar CIPMEN ke renon su tun 2014. A can kai ne za ka ja waya, ka gyara na'urar buga takarda, ka ji ƙorafin mai amfani da kunnenka. Ka kai takardar neman da ƙafarka, cikin shiga ta mutunci, ka koma bayan mako guda ka tambaya. Kawu ko maƙwabci ya yi maka hanya ba abin kunya ba ne, muddin in ka shiga ka yi aiki.

Batun rahoton ƙarshe ka ɗauko shi daga matsalar da ka gani da idonka a wurin. Mai kantin magani da ba ya sanin maganin da ya kusa lalacewa sai ya lalace, makarantar da ke kwana uku tana haɗa makin ɗalibai da hannu, ɗan kasuwar da littafin bashinsa ya jiƙe da damina. Ƙaramar manhaja da ke aiki, wadda wani ke amfani da ita yau, ta fi rahoto mai shafi ɗari da aka kwafo daga na ƴan bara. Malaman da za ka tsaya gabansu sun ga waɗancan rahotannin sau da yawa, tambaya biyu za su yi su gane.

A wurin istaj ne kuma za a fara gwada amanarka. Za ka ga albashin mutane, sakamakon gwajin asibiti, lambobin sirri, hotunan da ke cikin talhon da aka kawo gyara. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, da kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Ko ba doka, garin nan ƙarami ne ga mai wannan sana'a. Wanda aka sani da leƙe-leƙe ko fitar da sirri, labarinsa zai riga shi isa duk ofishin da ya nufa. Kada ka kwafi bayanan gaske ka sa a rahotonka, ka canza sunaye da lambobi.

Mai niyyar ci gaba ya shirya tun yanzu. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, kowace shekara maki 60 ce, lisans 180. Mai shekara biyu na iya neman shiga shekara ta uku ta lisans na sana'a, sai dai kowace makaranta da sharaɗinta, kuma za a nemi takardar makin kowane zango. Ka karɓe su zango-zango, kada ka bari sai ka gama. A aikin gwamnati matakin albashi na bin takarda, mai lisans na gaban mai BTS, saboda haka da yawa sukan kama aiki da rana su ƙarasa shekara ta uku da yamma. Wannan tsari ne mai kyau, don kai ke biya wa kanka, kuma ka riga ka san abin da ka rasa. Wanda ke tunanin ƙetarawa Sakkwato, Katsina ko Kano ya yi ND don ya samu Ingilishi, ya fara zuwa OBEECS ya tambayi yadda za a daidaita takardar in ya dawo, ya kuma tabbatar makarantar can tana da amincewar NBTE a wannan fannin.

In sakamako ya fito ka ci, ka karɓi takardar shaida nan da nan, ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa harafi-harafi, su dace da na takardar haihuwa da na BAC. Gyaran kuskure bayan shekaru wahala ce babba. Ka yi kwafi da yawa a buga musu tambarin tabbatarwa, asalin kuma ya zauna a gida cikin leda. Ka yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka karɓi katinka, don sanarwar aiki da yawa na neman sa. Ka bincika batun bautar ƙasa, wadda ta zama wa mutane da dama ƙofar shiga ma'aikatu. Ranar da aka kira ka ganawa kuma, ka tafi da kwamfutarka cike da caji, manhajar da ka gina tana ciki a shirye, da lambar talhon wanda ya kula da kai a wurin istaj, bayan ka nemi izininsa.